Motata ta lantarki ta kai lokacin sabis: wurin dila zan kai ta ko wurin bakanikena?

Tambayar ta wani Alhaji ce daga Kaduna. Ya ce tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 yake neman hanyar raba gari da gidan mai, har Allah ya nufa ya sayi Hyundai Kona mai aiki da lantarki, ƙirar 2019, tokumbo daga Amurka. Yau wata goma ke nan tana hannunsa bai taɓa kai ta sabis ba, hankalinsa ya fara tashi. Bakanikensa na shekara da shekaru ya ce ya kawo ta, ai mota mota ce. Ƙaninsa kuma ya ce kada ya kuskura, sai dai wurin dila a Abuja ko Legas. Yana so ya san me ake yi wa irin wannan mota, kuma maganar wa zai bi.

Alhaji, Allah ya sanya alheri, ya sa a kashe lafiya. Ni aikin wayar mota na taso a ciki, daga baya na koyi na motocin lantarki, don haka na san bakin da bakanikenka yake magana da shi, na kuma san tsoron da ƙaninka yake ji. Motar nan taka gida biyu ce. Akwai ɓangaren da bai bambanta da na kowace Corolla ba, wannan bakanikenka zai iya, in ya yarda ya bi wasu ƙa'idoji. Akwai kuma ɓangaren da in ya sa hannu ba tare da horo ba, ko dai ya kashe motar ko motar ta kashe shi. Abin da ya rage maka shi ne ka san inda iyakar take.

Abubuwan da ka huta da su suna da yawa. Babu baƙin mai balle a juye, babu fulogi, babu kuloci, babu salansa, babu famfon fetur, babu injekta da za a ce ta toshe. Al'adar nan ta kai mota gareji duk bayan wata biyu ko uku ta ƙare. A ƙasashe da dama littafin irin motarka cewa yake a duba ta sau ɗaya a shekara ko bayan kilomita 15,000, duk wanda ya riga zuwa. Amma wannan lissafin na mai tuƙi a kan kwalta mai santsi ne a garin da babu ƙura. Duk littafin mota yana da shafi na biyu da aka ware wa masu tuƙi cikin zafi da ƙura da ramuka, kuma mu a nan muke, ko mun so ko mun ƙi. Ni shawarata a ɗaga ta a leƙa ƙarƙashinta sau biyu a shekara, bayan damina da bayan hunturu.

A iya abin da na gani da idona, abin da ya fi kwantar da motar lantarki a bakin titi ba babban batirin nan ba ne da kowa ke tsoro. Ƙaramin ne mai bolt 12, wanda ke ƙarƙashin bonet kamar na kowace mota. Shi ke tayar da kwamfutocin motar, shi ke buɗe ƙofa, kuma shi ke jan makunnin da ke haɗa babban batir da sauran motar. In ya mutu, ko babban yana cike fal, motar ba za ta motsa ba. Ɗan hakin da ka raina ke nan. An taɓa kawo mini wata a bayan janwe, mai ita fuska a murtuƙe, don wani ya riga ya gaya masa babban batir ya tafi, ya je ya tanadi miliyoyi. Na buɗe bonet, na ɗora mita a kan ƙaramin, na ga bolt tara da 'yan kai. Muka aiki yaro ya sayo sabo, muka ɗaura, allon gaban direba ya haska tar kamar ba a yi komai ba. Tarkon shi ne motar fetur tana gargaɗin mai ita, za ka ji kik ɗinta ya yi nauyi da safe kwana biyu kafin batir ya mutu. Ta lantarki ba ta da kik, don haka shiru za ka ji, sai ranar da ta ƙi buɗe ido. Zafin ƙasarmu yana cin wannan batir da wuri, saboda haka a riƙa auna shi duk lokacin da motar ta shiga gareji, kuma kada ka bari maƙwabci ya ja wuta daga motarka don tayar da tasa. Motar ba ta da altaneta, wata na'ura ce ke rage ƙarfin babban batir ta ciyar da ƙaramin, kuma ta fi batirin maƙwabcinka tsada nesa ba kusa ba.

Tunda na ambaci janwe: in ta tsaya maka a hanya, kada a ɗaura mata igiya a ja. Injin lantarkin a haɗe yake da tayoyin gaba kullum, in suna juyawa a ƙasa wuta yake haifarwa alhali motar tana kashe. A ɗora ta a kan mota mai shimfiɗaɗɗen baya, tayoyi huɗu a sama.

Taya ita ce za ta riƙa cin kuɗinka. Batirin Kona mai kilowat-awa 64 shi kaɗai ya kai kilo 450, ga shi motar tana fizga nan take da zarar ka taɓa totur, to tayoyin gaba su ke shan wahala. A riƙa musanya na gaba da na baya kusan duk kilomita 10,000, a duba alaimen duk lokacin da ka faɗa rami mai kyau. Iska kuwa, akwai takarda manne a jikin ƙofar direba, abin da ke rubuce a nan za a sa, ba abin da mai faci ya ji da babban yatsansa ba. In za ka sayi taya, bayan girman 215/55 R17, dubi lambar nauyin da take iya ɗauka, kada ta gaza ta wadda aka rubuta. Dubi kuma lambobi huɗun nan na ranar ƙira: in ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019, komai kyan zanenta ta tsufa. Tayar Beljiyam a ƙarƙashin mota mai wannan nauyi a kan hanyar Kaduna zuwa Zariya cikin watan Afrilu, ni ban ba da shawara ba.

Ga wurin da nake so ka tsaya a kan motarka da ƙafarka. Babban batirin shimfiɗe yake a ƙarƙashin motar, daga bayan tayoyin gaba har kusa da na baya. Ka san yadda ake yi a wurin mai faci: kana fitowa daga mota yaro ya riga ya turo jak da ƙafa, ya laluba wuri mai faɗi, ya fara bugawa. A motarka wurin nan mai faɗi da zai ji daɗin samu gindin batir ne. Na taɓa ganin wadda aka lotsa haka, lotsawar ba ta fi tafin hannu ba, amma a bayanta akwai hanyar ruwan sanyi da ƙwayoyin batir. Wuraren sa jak huɗu ne, a gefe, a bakin ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, akwai 'yar alama a jiki. Durƙusa ka nemo su yau, ka nuna wa direbanka, ka nuna wa duk wanda zai ɗaga ta. Haka mai walda da mai gyaran bodi, kada wanda ya kusanci ƙasan motar da wuta.

Birki yana da abin mamaki. Da ka ɗaga ƙafa daga totur injin ne ke riƙe motar yana mayar da wuta cikin batir, 'yan maɓallan nan biyu na bayan sitiyari su ke ƙara ko rage ƙarfin riƙon. Saboda haka takalmin birki yana daɗewa ƙwarai bai cinye ba. Sai dai abin da ba a amfani da shi yakan sandare. Faranti ya yi tsatsa da damina, ƙusoshin da birkin ke zamewa a kansu su bushe su kafe, ka wayi gari gefe ɗaya yana cin taya. Sau ɗaya a shekara a kwance, a wanke, a shafa giris ɗin birki. Man birki kuma yana tsotsar laima ko ana tuƙi ko ba a yi, don haka kusan duk shekara biyu a canza shi da irin wanda aka rubuta a murfin. Birkin hannu na baya na lantarki ne, sai an sa shi a yanayin gyara kafin a tura shi baya, in aka danne shi da ƙarfi ƙaramin injinsa zai lalace. Wannan, da shakazoba, da bushin, da ƙafafun mota gaba ɗaya, da filtar iskar cikin mota wadda hunturu ke cikawa da ƙura cikin 'yan makonni, duk aikin bakanikenka ne, kuma wataƙila ya fi yaran dila sanin abin da hanyoyinmu ke yi wa ƙafar mota.

Iyakarsa ita ce duk wata waya mai ruwan lemo. Buɗe bonet za ka gan su, masu kauri. Wutar da ke cikinsu ta haura bolt 350, a wasu sababbin motoci irin su Ioniq 5 da Kia EV6 ma ta kusa ninka haka. Ba irin girgizar fulogi ba ce da ake yarfe hannu a yi dariya. Wanda ya san aikin yana sa safar hannu ta roba mai jure bolt 1,000, ya hura ta ya tabbatar ba ta huje ba, ya cire ƙaramin batir, ya zare makullin babban, wato abin da ke katse wutarsa, ya jira wutar da ta taru a cikin na'urori ta sauka, sannan ya auna da mita ya tabbatar babu komai kafin ya taɓa. Mai riwaya da ya saba soka fitilar gwaji a jikin waya don ya ga ko akwai wuta, a nan ba a yin kuskure sau biyu.

Akwai abubuwa biyu da suke kama da aikin kowa amma ba na kowa ba ne, kuma su suka fi ba ni tsoro a garejinmu. Na farko ruwan sanyi. Mun saba in ruwa ya ragu a fasa fiya wata biyu a zuba a lagireto. A motarka wannan ruwan yana zagaya batir da na'urorin wuta. Wasu Kona sun zo da kore, wasu da shuɗi na musamman wanda aka yi don kada ya ɗauki lantarki, kuma ba a gauraya su. In an canza shi, sai an sa kwamfuta ta kunna famfunan don fitar da iska. In ka ga ya ragu, kada ka ƙara ka wuce, tambayar ita ce ina ya tafi, domin yoyon da ba a gani a ƙasa yana iya zama a ciki yake.

Na biyu esi. A motar fetur esi jin daɗi ne, a taka kuwa yana cikin abin da ke sanyaya batir in zafi ya yi yawa. Kwamfuresan na lantarki ne, yana aiki da wutar babban batir, kuma man da ke cikinsa na musamman ne wanda wuta ba ta bi ta cikinsa. Mai gyaran esi na bakin titi zai zo da tiyonsa da ya yi aiki da shi a motoci goma tun safe, cike da ragowar man motar fetur, ya ɗaura, ya yi maka gas a farashi mai sauƙi. Sanyi zai zo. Bayan wani lokaci motar ta fara nuna alamar wuta tana zurarewa, wata rana ta ƙi tashi, kuma wanke wannan man daga cikin bututu aiki ne mai tsada. Irin gas ɗin da irin man duk suna rubuce a takardar da ke ƙarƙashin bonet. Wanda bai tsaya ya karanta ta ba, rufe bonet ɗinka ka yi masa sallama.

Akwai kuma ɗan akwatin giya mai gudu ɗaya, man cikinsa kusan lita ɗaya ne. Tunda ba ka san tarihin motar a hannun mai ita na farko ba, ni zan juye shi sau ɗaya, in duba ko akwai garin ƙarfe, in zuba irin wanda littafin ya rubuta. Bakanike mai natsuwa zai iya wannan.

Yanzu maganar dila. Abu uku ne dila yake da su waɗanda da wuya ka samu a waje: garanti, kwamfutar kamfani mai iya sabunta manhajar motar, da hanyar odar kayan asali. Wanda ya sayi sabuwar mota a hannun dila a nan gida, ba ni da wata doguwar magana da shi, ya riƙa kai ta can ana buga masa hatimi har garanti ya ƙare. Yawancin kamfanoni suna ba babban batir garantin shekara 8 ko kilomita 160,000, kuma ba hikima ba ce ka yi asarar wannan don tsimin kuɗin sabis. 'Yan'uwanmu da ke Amurka ko Ingila suna da sauƙi, doka ta ba su damar yin sabis a garejin da suke so ba tare da garanti ya faɗi ba, muddin an bi jadawalin kamfani, an sa kayan da suka dace, an ajiye rasit. A Amurka dokar tun 1975 take. A nan kuwa abin da ke cikin takardar da ka sa wa hannu shi ne zai yi aiki, sai a karanta ta da kyau.

Taka tokumbo ce, garantin Amurka a mafi yawan lokaci ba ya tsallako teku. Don haka babban dalilin ƙaninka ya ragu. Amma akwai dalili ɗaya da zai sa in ce ka je wurin dila ko da sau ɗaya, kuma da wuri. A farkon 2021 kamfanin Hyundai ya sanar da cewa zai canza batir a motocin lantarki kusan 82,000 a duniya, mafi yawansu Kona, bayan wasu sun kama da wuta saboda matsalar ƙwayoyin batir. Ƙirar 2019 da 2020 na Amurka suna cikin waɗanda abin ya shafa. Ɗauki lambar shasi mai harufa da lambobi 17 da ke gindin gilashin gaba, ka shigar a shafin hukumar kiyaye haɗurran motoci ta Amurka, NHTSA, kyauta ne, zai nuna maka ko akwai kiran gyara da ba a yi wa motar ba. In ya nuna akwai, kada ka cika ta fiye da kashi 80, kada ka kwana da ita a jikin ɗakin da ake barci, sannan ka nemi dila da takardar a hannu. Ka yi sa'a ta wani gefen, domin kamfanin Stallion ya fara haɗa Kona mai lantarki a Legas tun ƙarshen 2020, motar ba baƙuwa ba ce gaba ɗaya a ƙasar nan. Da wannan lambar shasin kuma ka binciki tarihinta. Da yawan motocin da ake shigo mana da su daga gwanjon motocin haɗari da na ambaliya suke fitowa, kuma ruwan gishiri mugun abokin gaba ne ga batir. Bayan guguwar Ian a Florida a 2022 an ga motocin lantarki da ruwan teku ya shanye suna kamawa da wuta kwanaki bayan ruwan ya janye.

Kada kuma allon kamfani da ɗakin jira mai sanyi su ruɗe ka. Akwai wurin da za ka shiga da tambarin kamfani a bango, amma duk ma'aikatan motar fetur suka sani, wanda aka tura horon lantarki ya bar aiki bara. Akwai kuma matashi a Apo ta Abuja ko a wani lungu na Kaduna da ya shekara biyar yana kwance batirin Prius, yana da kayan aiki, yana karanta littafin gyara. Masu gyaran motoci masu haɗa fetur da lantarki su ne suka fi kusa da wannan aiki, daga cikinsu zan fara nema. Ko dila ne ko mai zaman kansa, tambayoyin iri ɗaya ne. Ka ce ya nuna maka safar hannunsa. Ka tambaye shi ina makullin babban batir yake a wannan motar. Ka ce ya sa kwamfutarsa ya nuna maka lafiyar batir da bambancin ƙarfi tsakanin ƙwayoyinsa, ba wai ya goge alamar da ta fito ya ce an gama ba. Ka tambaye shi wane mai yake sa wa esi. Wanda ya iya zai ji daɗin tambayar, har ya ƙara maka da abin da ba ka tambaya ba. Wanda ya ce "Alhaji bar mana kawai, ba matsala", ɗauki makullinka. Wanda kuma ya ce "wannan ban iya ba", riƙe shi da kyau don aikin ƙafa da birki, irinsa ba su da yawa.

Wani abin da ba ya cikin littafin sabis amma ya fi lalata motoci a wurinmu shi ne wutar gida. Cajar da ke zuwa a but ɗin motar Amurka sau da yawa ta bolt 120 ce, tamu kuwa 230, karanta jikinta kafin ka soka. Bakin cajin motar Amurka ma daban yake da na Turai da na China, sai ka san irin naka kafin ka sayi caja ko ka nufi wurin caji na kuɗi. Motar tana iya jan kilowat 7.2, wato ta cika cikin awa tara da rabi, amma wannan yana bukatar layinsa na kansa daga mita, da waya mai kauri, da abin katse wuta, da abin kare ta daga hauhawar wuta lokacin da aka dawo da ita. Soket ɗin bango na firji ba a yi shi don ya ɗauki nauyi awa goma a jere ba. Na cire wani a gidan wani bawan Allah, robar ta narke ta yi baƙi, bangon da ke kewaye da shi da ɗumi, ga labule a kusa. Sannan wayar ƙasa: gidajenmu da yawa ba a binne ƙarfen ba, ko an binne ya ruɓe. Caja mai kyau za ta ƙi aiki in babu ita, kuma maganin shi ne a kira mai wayarin ya binne sabo, ba a yi wa cajar dabara ba. Ƙaramin janareta mai hawa da sauka kuma ka raba shi da motar.

Batirin Kona irin wanda ba ya son zama a cike ne, musamman cikin zafi. A allon motar akwai inda ake sa iyakar caji, sa ta a kashi 80 don zirga-zirgar gari, ka cika ta ranar da za ka yi doguwar tafiya kawai. Masu motocin BYD na China da sauran motoci masu nau'in batirin da ake kira LFP nasu daban ne, su ana so su riƙa cikawa lokaci-lokaci. Nemi inuwa duk inda za ka ajiye ta, kuma in ka dawo daga tafiya da tsakar rana bar ta ta huce kafin ka sa caji. Kai ma da sauƙi, taka tana da ruwan sanyi. Nissan Leaf ta ƙirar da, wadda ta fara fitowa a 2010, ba ta da shi, kuma tun 2012 masu ita a Arizona suka fara kukan batir yana raguwa da wuri saboda zafi. Mai Leaf a Sakkwato ko Maiduguri ya fi ka bukatar rumfa.

In tafiya ta kama ka, Umara ko Hajji, kada ka bar ta a cike, kada kuma ka bar ta a ƙasa. Kashi 50 zuwa 60 ya isa, a inuwa, a wurin da ruwan sama ba ya kwanciya. Ka sa wani ya riƙa kunna ta na minti ashirin duk mako don ƙaramin batir ya samu caji, ya kuma buɗe bonet ya leƙa, domin ɓera ba ruwansa da launin waya.